Lambobi Uku Da Ke Raba Marsandi Da Marsandi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuɗi ke yawo a kudancin Katsina. An girbe masara, an casa waken soya, auduga ta hau ma'auni, tireloli na lodi a Dandume da Bakori da Funtua suna nausawa kudu. A wannan tsakanin ne ake ɗaura aure, a rufa ɗaki da sabon kwano, a ajiye kuɗin kujerar Makka, sannan wanda Allah ya hore wa ya fara tunanin sauya abin hawa. Yawanci Golf ko Toyota ko Honda ake nema. Amma akwai manoma da 'yan kasuwar hatsi da ma'aikata waɗanda ba abin da zuciyarsu ke so sai motar nan mai tauraro a goshi, wato Marsandi, domin tun zamanin iyayenmu ita ce shaidar cewa mutum ya tsaya da ƙafarsa.

Ga yadda cinikin ya saba tafiya. Dillali ya turo hotuna ta WhatsApp daga Kano ko Kaduna, ya ce C230 ce, Beljiyam, ba wanda ya taɓa hawanta a ƙasar nan. Alhaji ya je ya gani, ya zagaya ta, ya ɗaga bonet ya leƙa, ya saurari ƙarar inji, ya kunna esi ya ji sanyi, a yi ciniki a ba dillali la'adarsa. Bayan wata uku famfon ruwa ya soma yoyo. Bakanike a Malumfashi ya aika Ƙofar Ruwa a sayo na C230, a ba direban haya ya biyo da shi ta Gwarzo da Dayi, a zo ɗaurawa ya ƙi zama. A mayar, a sake sayowa, a biya kuɗin mota sau biyu, motar kuma tana kwance a gareji. Mai shago bai yi ha'inci ba, bakaniken ma ya san aikinsa. Sunan C230 ɗin ne bai isa a gane mota da shi ba, domin kamfanin ya liƙa shi a jikin ƙira uku daban-daban, da injuna aƙalla iri uku da ba sa musayar kaya.

Kowace Marsandi suna biyu gare ta. Akwai wanda aka rubuta da farin ƙarfe a bayan but, irin su 230E, C180, E350 ko ML350. Wannan na kasuwa ne, shi ake nuna wa mai saye. Akwai kuma wanda injiniyoyin kamfanin Mercedes-Benz a birnin Stuttgart na Jamus ke kiran ƙirar da shi tun tana kan takarda: harafi ɗaya da lambobi uku, kamar W124 ko W203. Da wannan na biyun ne masu kayan gyara a ko'ina cikin duniya suke aiki. Na bayan but ana iya ɓamɓare shi da wuƙa a liƙa wani, shi kuwa ɗayan yana cikin lambar shasin da aka buga a jikin ƙarfen motar.

Akwai dalilin da ya sa wannan ilimi bai shiga jinin mutanenmu ba. Da Fijo muka tashi. Tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, abin da muka sani shi ne 404 da 504 da 505, kuma sunan da ke bayan motar shi ne sunan ƙirarta. In ka ce wa mai shago 504, ya gama fahimtarka. Marsandi ba haka take ba. Sunan E200 kaɗai ya hau ƙira shida, daga ta 1993 har zuwa wadda ake ƙerawa a yau, kuma in aka jera su ba mai cewa 'yan gida ɗaya ne in ba don tauraron ba.

Kasuwa ta daɗe da gane wannan giɓi, shi ya sa ta ƙirƙiro nata laƙabin. A ɓangaren Honda aka samu Hala da Henesi da EOD. A Marsandi aka samu V-boot, da wadda wasu ke kira Shagari wasu kuma Concord, da ƙatuwar nan da ake ce wa Beast. Laƙabin yana aiki a tasha da bakin gareji, amma ba ya tsallaka iyaka. Mai sayar da kaya a Dubai bai san shi ba, kundin kayan gyara na kwamfuta bai san shi ba, kuma yawancin ƙirar da suka zo daga baya ba su samu laƙabi ba sai dai a ambaci shekara. Shekara kuwa, kamar yadda za mu gani, ita ce ta fi komai ruɗar da mai saye.

Manomin Kafur ko Danja ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari. In ya je sayen iri ba ya cewa a ba shi masara kawai. Tambaya yake yi ko SAMMAZ mai lamba nawa ce cikin waɗanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar, domin ya san wata mai saurin nuna ce, wata mai jure wuta-wuta, wata kuma sai an wadata ta da taki. Mutumin da ke yin wannan tambaya a kan buhun iri bai kamata ya zuba miliyoyi a mota da sunan bayan but kaɗai ba.

Yadda lambar take

Harafin farko siffar jiki yake nunawa. W ita ce mota mai ƙofa huɗu da but, wadda muka fi sani. S ita ce wagon mai dogon baya, C mai ƙofa biyu, V wadda aka ƙara wa tsawo domin mai zama a baya, R ƙaramar nan mai kujera biyu da ake buɗe rufinta, X kuma galibi jif ce da aka gina a kan ƙashin wata ƙirar. Saboda haka W124 da S124 da C124 uwa ɗaya uba ɗaya ne, kayan injinsu da na ƙafar gaba suna shiga juna sosai, jikin ne ya bambanta.

Lambobin uku su ne zuriya. A da ba sa bin juna a jere: daga W123 aka je W124, daga nan aka yi tsalle zuwa W210. Manyan kuma daga W116 zuwa W126, sai W140, sai W220. Amma tun daga shekarun 1990 abin ya daidaita har mutum zai iya haddace shi a zama ɗaya. Ajin C yana gidan 200: W202 daga 1993, W203 daga 2000, W204 daga 2007, W205 daga 2014, W206 daga 2021. Ajin E yana gidan 210: W210 daga 1995, W211 daga 2002, W212 daga 2009, W213 daga 2016, W214 daga 2023. Ajin S yana gidan 220: W220 daga 1998, W221 daga 2005, W222 daga 2013, W223 daga 2020. Duk bayan kamar shekara bakwai ake sauya ƙira, a tsakiyar wa'adin kuma a yi mata gyaran fuska ba tare da an sauya lambar ba.

Inji ma da tasa lambar. M na fetur ne, OM na gas. Giya ma haka: ta otomatik mai hawa biyar ita ce 722.6, mai hawa bakwai kuma 722.9, kuma ko man da ake zuba musu ba lallai ya zama ɗaya ba.

Waɗanda suka yi wa tauraron suna

Baƙar motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas, 230.6 ce, ƙirar W114. A farkon wannan shekarar ce kamfanin ya fito da magajiyarta, W123, kuma ina ganin ba a yi wata mota da ta gina sunan Marsandi a Afirka kamarta ba. An ƙera kusan miliyan 2.7 kafin a daina a tsakiyar shekarun 1980. Ba ta da ƙwaƙwalwar kwamfuta da za ta riƙe inji, da yawa daga cikin masu fetur kafireta gare su, masu gas kuwa, 240D mai injin OM616 da 300D mai injin OM617, in sun tashi ba ruwansu da wuta. Ƙasar Maroko ta shafe shekaru tana haya da su tsakanin gari da gari, fasinja shida a ciki. Bakaniken da ya iya 504 ba ya jin tsoron buɗe ta.

A ƙarshen 1984 W124 ta fito, ita ce V-boot, saboda yadda murfin but ɗinta ya tsuke ta ƙasa. Bruno Sacco, ɗan asalin Italiya da ya shugabanci sashen zanen kamfanin, shi ya jagoranci fasalinta, kamar yadda ya jagoranci na 'yar'uwarta W201, wato 190, da ta riga ta fitowa a 1982. Daga 190 ɗin ta gaji ƙafar baya mai hannuwa biyar a kowane gefe, abin da ya sa take lafewa a hanyar burji ba ta watsa baya, ko da yake yawan hannuwan na nufin yawan bushin da za a riƙa sauyawa. An ƙera W124 sama da miliyan 2.5, W201 kuma kusan miliyan 1.9, shi ya sa har yau kayansu ba sa yankewa a Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas.

A nan ma sunan bayan but yana yaudara. Akwai 230E a W123, akwai 230E a W124. Injinsu dangi ɗaya ne, M102, amma ƙafa da birki da fitila da gilashi ba abin da ya haɗa su. Akwai 300D a W123 mai silinda biyar, akwai 300D a W124 mai silinda shida. Kuma ko cikin V-boot ɗin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Waɗanda aka ƙera daga wajen 1992 zuwa ƙarshenta sun zo da wayoyin inji masu rigar da ke burtsewa in zafi ya daɗe yana dukanta, matsalar da ta shafi W140 da W202 na wannan tsakanin. A zafin bazara irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mota ta riƙa shaƙewa, ta riƙa mutuwa ba dalili, a yi ta sauya fulogi da famfon mai, alhali wayoyi ne suka haɗe a ɓoye. Rewayan da ya san lambar ƙira da shekarar da abin ya shafa, can zai fara dubawa.

Ba ina cewa kowa ya koma V-boot ba ne. Ƙaramar cikin masu ƙofa huɗu ta 1995 ce, ta kai shekara talatin, kuma samun wadda ba a gama da ita ba sai an tona. Abin da nake so a gane shi ne, darajar da muke ba tauraron a yau waɗannan ƙirar ne suka samo ta, tare da W126 da ta yi zamani daga 1979 zuwa 1991, da kuma manyan motocin dakon kaya na 911 irin waɗanda kamfanin ANAMMCO da aka buɗe a Inugu a 1980 ya riƙa harhaɗawa, waɗanda suka sha kwasar hatsi da auduga a wannan yanki. Mai sayen wata ƙirar daban yana biyan kuɗin wancan suna ne, ba tare da tabbacin zai samu wancan ƙarko ba.

Ranar da lambar but ta daina faɗin gaskiya

Kafin 1993 lamba ke gaba harafi ya biyo baya, kuma lambar girman inji take faɗa: 230E na nufin lita 2.3 mai injekta, 300D lita 3 mai gas. A 1993 aka juya tsarin, harafin aji ya dawo gaba. W124 ta zama ajin E, W202 ta gaji 190 da sunan ajin C. Da farko lambar ta ci gaba da nuna girman inji, amma a hankali ta koma nuna matsayi kawai a jerin farashi.

Mu koma kan C230. A W202 injinta M111 ne, lita 2.3, mai fulogi huɗu, wani da Kompressor wani babu. A W203 an fara da wannan injin a mai gajeren baya, sannan aka koma M271 mai lita 1.8 da Kompressor, daga 2005 kuma aka saka M272 mai silinda shida, lita 2.5. W204 ta farko-farko ma ta ɗauki sunan C230. Wanda ya ce wa mai shago "famfon ruwan C230" bai ce komai ba. Haka C240 ta W203, injinta lita 2.6 ne, kuma ko da yake a kasuwa ana ce mata mai fulogi shida, injinta M112 fulogi biyu yake ɗauka a kowace silinda, wato goma sha biyu za ka saya ranar sabis. C300 ta W204 silinda shida ce. C300 ta W205 silinda huɗu ce, lita 2, da turbo. Suna ɗaya, amma shan mai daban, kuɗin gyara daban, irin bakaniken da za ka nema ma daban.

Ƙirar da ake taka-tsantsan da su

Daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa tsakiyar na 2000 kamfanin ya shiga wani yanayi. Lexus ta Japan ta shigo kasuwar motocin alfarma a 1989 da farashi mai sauƙi, aka shiga rage kuɗin ƙira, a 1998 kuma aka yi haɗakar Daimler da Chrysler ta Amurka wadda ta watse a 2007. Motocin wannan zamani su ne suka fi araha a wurin dillalanmu yanzu, kuma araha ba ta ado.

W210 mai idanu huɗu injinta lafiyayye ne, amma tsatsa ke cin ta, musamman wadda ta sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai da Amurka lokacin ƙanƙara. A duba mazaunin sifirin na gaba da ƙasan ƙofofi. W220 ta zo da ƙafar iska, Airmatic, maimakon sifirin na ƙarfe. A kan kwalta ba ta da na biyu wajen laushi, amma balan-balan ɗin roba ne, ƙura da zafi da ramuka suna gajarta masa kwana, in ya fashe kuma motar durƙushewa take yi a inda take. Da yawa a Najeriya cire shi suke yi su mayar da sifirin.

W211 ita ce ta fi buƙatar a san lamba da shekara tare. Waɗanda aka ƙera daga 2002 zuwa tsakiyar 2006 suna da birkin da ake kira SBC, wanda famfon wuta da kwamfuta ke sarrafawa. Famfon yana ƙirga yawan takawa, in ya kai iyakarsa sai ya kunna gargaɗi, kuma gyaransa sai da na'ura da kuɗi masu kauri. A 2005 kamfanin ya kira motoci kimanin miliyan 1.3 domin gyara, birkin nan na cikin dalilan, a gyaran fuskar 2006 kuma ya cire shi ya koma birkin da aka saba. Ke nan E350 ta 2005 da E350 ta 2008 duk W211 ne, amma a wurina ba mota ɗaya ba ce. Injin M272 na 2005 zuwa 2007 kuma an san shi da cinyewar wani haƙori a cikinsa wanda sai an sauke inji ake kai wa gare shi, M271 kuwa sarƙar taimin ɗinsa ce ke miƙewa. In ka ji ƙara kamar ana jan sarƙa a tashin farko da safe, ka tsaya ka yi tunani.

A wannan yanki lalacewar mota ba maganar aljihu ba ce kawai. Duk wanda ke bin hanyoyin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya san abin da ake nufi da mota ta mutu da mutum bayan la'asar.

Dangantakar da ido ba ya gani

Lambar ƙira tana tona zumuncin da fuska ke ɓoyewa. CLK ta farko, C208, fuskar W210 gare ta, amma ƙashinta na W202 ne. Ajin E mai ƙofa biyu na 2009, C207, a kan W204 aka gina shi. GLK da matasa ke rububi lambarta X204, wato 'yar ɗakin C ce da aka ɗaga, kuma wannan albishir ne ga mai ita, domin kayan inji da yawa suna shiga. ML ta fara da W163 a 1997 a masana'antar kamfanin da ke jihar Alabama ta Amurka, sai W164 a 2005, sai W166 a 2011. A 2015 aka sauya wa W166 suna zuwa GLE, lambar ƙirar kuwa tana nan yadda take.

Ta wannan ƙofa ce sana'ar sauya fuska ta shigo. A ɗauki ML ta 2012 a sa mata bamba da fitilu da tambarin GLE. A ɗauki E350 ta 2010 mai fitilu huɗu a rarrabe a mayar da ita fuskar da aka fito da ita a 2013. A ɗauki W204 ta 2008 a ba ta fuskar 2011. G-Wagon ta fi kowa shan wannan aiki, domin W463 ta yi daga 1990 har 2018 siffarta ba ta sauya sosai ba. Wanda ya yi wa motarsa kwalliya don jin daɗinsa bai yi laifi ba. Laifin na wanda ya sayar da ita da farashin shekarar da ba tata ba ne, kuma wannan algus ne, ko a shari'a ko a al'adar kasuwa.

Karanta lambar shasi

Haruffa da lambobi 17 ne. Ana samunsu a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, musamman a motocin Amurka, da jikin takardar da ke liƙe a ginshiƙin ƙofa, da kuma wanda aka buga a ƙarfe: a tsofaffin ƙira cikin ɗakin inji, a da yawa daga cikin na baya a daɓen motar wajen kujerar gaba ta dama, ƙarƙashin kafet. Dole duka su dace da juna, su kuma dace da takardun kwastan.

Motar da aka yi wa kasuwar Turai ita ta fi sauƙin karantawa. Bayan haruffa uku na farko, WDB ko WDD ko WDC, lambobi uku da ke biye su ne ƙirar, uku na gaba kuma nau'inta. In ka ga WDB124023, V-boot ce 230E. In ka ga WDB123123, W123 ce 240D. In ka ga 203 a wannan gurbi, ko me aka liƙa a but, ko wace irin fitila aka sa mata, W203 ce.

Ta Amurka haruffa take amfani da su a wurin: WDBRF ita ce W203, WDDGF W204, WDBUF W211, WDDHF kuma W212. Wadda ta fara da 4JG a Alabama aka ƙera ta. A tsarin Amurka gurbi na 10 shi ne shekara: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014. Wannan ya bazu a tsakanin dillalai, kowa ya iya ƙirga zuwa goma da yatsa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a Marsandin Turai gurbi na 10 ba shekara ba ce sam. Ɓangaren sitiyari yake nunawa: 1 hagu, 2 dama. Sau da yawa akan ce wa mutum motarsa ta 2001 ce saboda an ga 1 a wurin, alhali ko ta 1994 ce ko ta 2009, 1 ɗin za a gani. In kuma ka ga 2 a motar da sitiyarinta ke hagu, to daga Ingila ko wata ƙasa mai tuƙi irin nata ta fito aka juya mata sitiyari, aikin da ke taɓa birki da wayoyi da ƙafar gaba gaba ɗaya. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma motar da aka yi wa irin wannan tiyata ba ta cancanci farashin lafiyayya ba.

Shekarar da ƙira biyu suka haɗu ita ce tarko na ƙarshe. A 2007 akwai W203 akwai W204. A 2009 akwai W211 akwai W212. A 2005 akwai W163 akwai W164. Ga shi kuma Amurkawa kan fara sayar da motar shekara mai zuwa tun cikin wannan shekarar. Saboda haka "ta 2007 ce" ba amsa ba ce.

Hukuma ma da wannan lamba take aiki yanzu. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar da motocin Kwatano suka daɗe suna bi ta Maraɗi su faɗo Jibiya, a 2022 kuma kwastan ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar shasi. Motar da takardarta ta ce wata shekara, shasinta ya ce wata, mai ita zai sha tsayawa a shingayen hanyar Zariya.

Kayan gyara na asali su ma suna ɗauke da lambarsu: harafin A da lambobi goma, uku na farko galibi suna nuna ƙira ko injin da aka fara yi wa kayan. In bakanike ya cire tsohon, a goge shi a ɗauki hoton lambar a tura wa mai shago, an huta da aike biyu. A kuma duba lambar da ke jikin injin kansa, domin mota da yawa a ƙasar nan an sauya musu inji. Shasi zai gaya maka abin da kamfani ya saka, lambar inji ta gaya maka abin da ke ciki yau.

A ganina, wanda motarsa za ta riƙa shiga gona da ƙauye, ta sha man 'yan bumburutu wani lokaci, ya tsaya a kan mai sifirin ƙarfe da injin da garejin garinsu ya saba da shi: W202 mai M111 in ya samu mai lafiya, ko W203 ta bayan gyaran fuskar 2004, ko W204, ko W211 ta bayan tsakiyar 2006. Ajin S daga W220 zuwa sama motar kwalta ce da mai na'urar bincike a kusa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, kowane ƙaramin kaya nata ya zama abin shawara.

Kira na ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a Funtua da Malumfashi shi ne su sa wannan cikin abin da ake koya wa yaran gareji, a rubuta jerin ƙirar a allo a rataye inda kowa zai gani. Kai kuma mai niyyar saye a kakar bana, kafin ka tura ko kuɗin kafin alƙalami, ka ce wa dillali ya turo maka hoton lambar shasi da ta inji. Ka kai wa bakanikenka ya gani, ka buga wa mai shago a Kano ko Kaduna ka tambayi kuɗin famfon ruwa da shokozoba da fitilar gaba na wannan ƙirar. In dillalin ya fara kame-kame a kan hoton, ka bar masa motarsa.